Buɗaɗɗe Ne, Amma A Ina? Darasi Kan Ƙaramin Sarari A Ilmin Topoloji

A nazarin halittu ba a siffanta dabba ba tare da an ambaci muhallinta ba. Haka abin yake a topoloji, reshen lissafi mai nazarin kusanci da haɗuwa tsakanin ɗigo-ɗigo, wanda Bajamushe Felix Hausdorff ya shimfiɗa ƙa'idojinsa a 1914. Tarin ɗigo yana iya ɗaukar wata siffa a wani sarari, ya rasa ta a wani.

Mu fara da layin lambobi. Ana cewa tari buɗaɗɗe ne idan kowane ɗigo nasa yana kewaye da ɗan fili, hagu da dama, wanda bai fita daga tarin ba. Lambobin da suka fi 0 kuma ba su kai 1 ba buɗaɗɗen tari ne. Da zarar aka ƙara 0 a ciki sai siffar ta gushe, domin duk ƙanƙantar filin da aka zana wa 0, sai ya kwaso lambobin da ke ƙasa da shi.

Yanzu a yanko yankin 0 zuwa 1, har da bakunansa biyu, a kira shi Y, a ɗauke shi a matsayin duniya mai zaman kanta. Wannan shi ne ƙaramin sarari. Ƙa'idarsa ita ce: tari buɗaɗɗe ne a cikin Y idan shi ne abin da wani buɗaɗɗen tari na babban layi ya yi tarayya da Y a kai. To, a ɗauki lambobin da suka faro daga 0 ba su kai 1/2 ba. A babban layi ba buɗaɗɗu ba ne, amma a cikin Y buɗaɗɗu ne, gama su ne rabon Y daga filin da ke tsakanin -1/2 da 1/2. Tururuwar da ke kan sanda ba ta san da komai a bayan bakin sandar ba.

Wasu siffofin ana gadonsu. Idan a babban sarari ana iya raba kowane ɗigo biyu da buɗaɗɗun tari marasa tarayya, haka za a iya a kowane ƙaramin sararinsa. Zama dunƙule ɗaya kuwa ba a gadonsa. Layin lambobi dunƙule ɗaya ne, amma a ware lambobin da ake rubutawa a matsayin kaso, kamar 1/2 da 7/5. Tushen 2, wato lambar da ninkinta da kanta yake ba da 2, ba ya cikinsu, don haka ya tsaga su gida biyu: na ƙasa da shi da na sama, kowane gida buɗaɗɗe kuma rufaffe.

Ga illar mantawa da wannan. Lissafin x² - 2 yana ba da -1 idan x ya zama 1, yana ba da 2 idan x ya zama 2. A babban layi tilas ya ratsa ta 0 a tsakani. A sararin kaso kuwa yana tsallakewa ba tare da ya taɓa 0 ba. Saboda haka duk ɗalibin da ya ce tari buɗaɗɗe ne, malami ya tambaye shi: a cikin wane sarari?

Aikin gwaji: a ɗauki cikakkun lambobi, 0, 1, 2 da sauransu, a matsayin ƙaramin sarari. A nuna cewa tarin da ya ƙunshi 3 kaɗai buɗaɗɗe ne a cikinsa.