Haƙƙin Gida Kafin Kuɗin Hutu

Duk wanda ya daɗe yana neman abincinsa a sana'ar gini a birnin Kano, ko birkila ne, ko kafinta, ko kuwa irina mai zanen gida da ƙiyasin kuɗin aiki, ya san akwai wata guda a shekara da wayarsa ba ta hutawa, shi ne Agusta, lokacin da marka ta kankama, ƙasa ta ƙoshi da ruwa, kowane ɓoyayyen aibi da ke jikin gini ya fito fili. A cikin wannan wata ne ake kiranmu daga Gyadi-Gyadi da Hausawa, daga Daurawa da Darmanawa har Unguwa Uku, wannan ya ce silin ɗinsa ya rufto, wancan ya ce katangarsa ta tsage ta karkata kan maƙwabci, wani kuma ya ce masai ya cika ya tumbatsa har iyali sun rasa inda za su kewaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne, da yawa daga cikin masu wannan kira ba matalauta ba ne, mutane ne da Allah ya yi wa rufin asiri, waɗanda kuɗin gyaran ya ratsa ta hannunsu watanni kaɗan da suka wuce, sai dai ya tafi ga hidimar Sallah, da tafiyar hutu zuwa Abuja ko Dubai ko Alƙahira, da ɗinkunan da aka sa sau ɗaya aka ninke.

Akwai wani al'amari na lissafin kwanaki da ya kamata magidanta su lura da shi a waɗannan shekaru. Tun da shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, bukukuwanmu suna zagaya yanayi sannu a hankali, kuma a halin yanzu sun faɗo a daidai lokacin da ya fi dacewa da gyaran gida. A shekarar 2025 an yi Ƙaramar Sallah a ƙarshen Maris, aka yi Babba a farkon Yuni, watau azumi da kayan Sallah da ragon layya duka sun taru a tsakanin ƙarshen hunturu da faɗuwar damina. Ma'ana, aljihun magidanci yana bushewa a watannin da kafinta zai iya hawa rufi ba fargabar hadari, sa'an nan idan albashi ko ribar kasuwa ta fara dawo da shi hayyacinsa, sai ya tarar ruwa ya riga ya sauka. Haka abin zai ci gaba na wasu shekaru, har sai bukukuwan sun ja baya sun shige cikin hunturu sosai.

Kakanninmu da suka zauna a gidajen ƙasa ba su taɓa ɗaukar gida a matsayin abin da ake gamawa a huta ba. Kowace shekara, kafin ruwa ya sauka, magidanci yakan nemi magina su hau soro su duba azara, su gyara indararo, su yi sabon yaɓe, mai hali ya sa a shafa makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina, domin ruwa ya zame ya bar bango. Wannan hidima tana cikin lissafin shekara kamar yadda hatsin ci yake ciki, ba wanda yake jiran sai an samu rarar kuɗi. Da siminti da kwano suka zo, sun zo da alheri mai yawa, amma sun zo da wani ruɗi, cewa ginin bulo ba ya bukatar kulawa, alhali kuwa shi ma yana tsufa, illa dai yana ɓoye ciwonsa har ya yi nisa, saɓanin ginin ƙasa da yake nuna wa mai shi rauninsa tun daga ruwan farko.

Na taɓa duba wani gida a Gyadi-Gyadi a cikin watan Fabrairu, wanda mai shi dattijo ne mai mutunci, ya kira ni domin yana son a sake fentin falo kafin baƙin Sallah. Da muka hau cikin rufi ni da kafinta, sai muka tarar ƙusoshin kwano sun yi tsatsa sun saki a layi biyu, haske yana shigowa ta hudojin, katakon da ke ƙarƙashinsu ya yi baƙi saboda danshin bara, gara kuma ta fara gina hanyarta a jikinsa, ga wayar lantarki kwance a kan wurin da ruwa yake ɗiga. Na ce masa: "Ranka ya daɗe, a bar fentin nan tukuna, a canza kwano kaɗan da katako kaɗan, a yi wa sauran magani." Ya ce: "Injiniya, bana an riga an yi wa yara alkawarin tafiya, bari mu dawo, in Allah ya so." Ban ga laifin ƙaunarsa ga iyalinsa ba, kuma alkawari abin girmamawa ne. Amma da aka sake kirana a tsakiyar damina, aikin da zai ƙare a yini biyu ya zama na cire silin ɗakuna biyu, da sake wayarin, da sayen katifu, iyali kuwa suka tare a ɗaki guda har aka gama, kuma kuɗin da aka kashe ya ninka ƙiyasin farko sau da yawa. Mun gode wa Allah da abin ya tsaya ga dukiya, domin ruwa da wutar lantarki idan suka haɗu a cikin silin, ba a cika sanin inda abin zai tsaya ba.

Mutane ba su cika hasashen yawan ruwan da rufi yake tarawa ba. Ƙa'idar lissafin mai sauƙi ce: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. To, rufin da ya kai murabba'in mita 150, idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare guda, zai zubar da lita 7,500, watau jarka 300 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Ina wannan ruwa zai nufa? A gidaje da yawa na unguwanninmu an shafe tsakar gida kaf da siminti ko intalok, ba a bar wa ƙasa ko taki ɗaya da za ta sha ba, kwatar ƙofar gida kuma ta toshe da leda da yashi, a wasu layukan ma an yi ta ciko har titi ya fi daɓen gida tudu. Sai ruwan ya kwanta a gindin bango, ya jiƙa harsashin gini, filasta ta riƙa kumbura tana zubowa da farin gishiri, wanda wasu suke rufewa da tayil suna zaton sun yi magani, alhali danshin yana nan yana hawa ta baya. Haka kuma rijiya da sokawe: masana kiwon lafiya suna ba da shawarar a raba su da tazarar kimanin mita 30, abin da fili mai ƙafa 50 a kan 50 ba zai taɓa bayarwa ba, saboda haka kwashe masai a kan kari da gyara murfinsa kafin damina kariya ce daga amai da gudawa ga gidan da maƙwabtansa baki ɗaya.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tsara bukatun ɗan Adam hawa uku, daruriyyai da hajiyyai da tahsiniyyai, watau abin da rayuwa ba ta tsayuwa sai da shi, da abin da rashinsa yake jawo ƙunci, da abin da yake ado ne da ƙawa, kuma sun lissafa matsuguni a cikin nafaƙar da ta wajaba a kan miji, tare da ci da tufafi. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, Umra sunna ce mai ƙarfi sau ɗaya a rayuwa, layya kuma sunna ce ga wanda kuɗinta ba zai takura shi ba. Ba ina hana kowa ziyarar Ɗaki mai alfarma ba ne, Allah ya kiyashe ni, kuma ba ina ƙyamar hutu da sada zumunci ba, domin jiki da iyali suna da haƙƙinsu na walwala. Abin da nake roƙo shi ne tartibi. Mutumin da katangarsa take barazana ga yaran maƙwabci yana ɗauke da haƙƙin wani a wuyansa, kuma ya dace ya tambayi malaminsa wanne ya kamata ya gabatar, Umrar nafila ta uku ko ta huɗu, ko kuwa kawar da cuta daga maƙwabci.

Wani zai ce kayan gini sun yi tsada, gara a jira su sauko. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, kowa ya ga yadda farashi ya yi tashin gwauron zabi, har buhun siminti ya kai naira 10,000 ko fiye a wurare da dama a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin 100 a waccan shekarar. Wanda ya je Ƙofar Ruwa neman rodi, ko 'Yan Katako na Na'ibawa neman katako, ya san ba a cika maimaita masa farashin bara ba. Wannan kuwa hujja ce ta gaggauta gyara, domin mai jinkiri yana biyan tsada biyu, ta kasuwa da ta ɓarnar da take ƙaruwa a jikin ginin.

Shawarar da nake bai wa waɗanda nake yi wa aiki ita ce su mayar da gyaran gida wani sashe na kasafin shekara mai sunansa. Masu kula da gidaje a Ingila da Amurka sukan ambaci kashi 1 cikin 100 na darajar gida a kowace shekara, kuma ko da mutum bai iya kaiwa nan ba, ya ware abin da ya sawwaƙa duk wata a asusu dabam, ko ya shiga adashi ya nemi kwasarsa ta faɗo a Nuwamba ko Disamba. Lokacin duba gida shi ne Oktoba, da ɗaukewar ruwa, sa'ad da tabon yoyo yake nan ɗanye a jikin silin yana nuna inda matsalar take. A fara da rufi, sa'an nan hanyar ruwa da masai, sa'an nan wayar lantarki, fenti da ado su zo daga ƙarshe. A nemi ƙiyasi a rubuce wanda ya raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, a ƙara kashi 10 cikin 100 domin abin da ba a gani ba sai an buɗe. Kwano da rodi da tayil ana iya sayensu kaɗan-kaɗan a ajiye, amma siminti ba ya son ajiya, yana shan danshi ya daskare cikin 'yan watanni, sai a bar shi sai aiki ya zo. Wanda kuma yake son ɗora bene a kan tsohon gini, to, wannan ya wuce gyara, lalle ne injiniya ya duba harsashin, a kuma nemi izinin hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA. Benen da ya rushe a titin Beirut na Kano a watan Agusta na 2022 bai kamata ya fita daga zukatanmu da wuri ba.

Sai maganar lambu, wadda take kusa da zuciyata ƙwarai. Muna kashe kuɗi mu kai yara inda za su ga ciyawa da inuwa na mako guda, sa'an nan mu dawo da su gidan da ba ko ganye, wanda a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, daɓensa yake mayar da wuta cikin ɗakuna har tsakar dare. Da za a fasa wani yanki na wannan daɓe, ko da faɗin tabarma biyu ne, a zuba taki, a dasa zogale da gwanda da lemun tsami, a shuka alayyafo da yakuwa da ɗan tattasai, da an samu inuwa, an samu kayan miya, an kuma samu inda ruwan rufi zai nitse maimakon ya kwanta a gindin bango. Ruwan alwala kaɗai, idan aka juya shi can, ya isa ya rayar da bishiya biyu. Sai dai a kula, manyan itatuwa irin darbejiya da mangwaro saiwarsu tana tafiya nesa tana neman laima, kada a dasa su dab da harsashi ko sokawe. Wurinsu ƙofar gida ne ko inda fili yake da yalwa. Na ga gidan da uwargida ta mayar da lungun bayan kicin lambu, jikokinta suna rige-rigen ban ruwa da yamma, kuma dashe yana cikin ayyukan da shari'a ta kwaɗaitar a kansu, tana lissafa abin da mutum ko tsuntsu ya ci daga gare shi a matsayin sadaka.

Masu gidajen haya ma wannan magana ta shafe su, har ma ta fi, domin wanda ya karɓi kuɗin shekara cif ya bar ɗan haya yana tara roba a tsakar ɗaki ya ci amanar da aka ba shi.

Saboda haka, ya kai magidanci a Tarauni ko a wata unguwa, kafin ka zauna da iyalinka ku tsara kuɗin Sallah mai zuwa ko na tafiyar hutu, ka nemi kafinta amintacce ku hau cikin rufin gidanka da tocila, ku zagaya gindin katanga, ku buɗe murfin sokawe, ka sa a rubuta maka abin da aka gani da abin da zai ci. Ka fitar da wannan tukuna, abin da ya rage kuma ka yi wa iyalinka yalwa da shi, Allah ya sa albarka.