Yadda Aka Ƙulla Yarjejeniyar Versailles

An tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya ranar 11 ga Nuwamba 1918, amma sai da aka kwashe fiye da wata bakwai kafin a sa hannu a takardar sulhu. Yawancin wannan lokaci ya tafi ne wajen cacar baki tsakanin waɗanda suka ci yaƙin.

Da farko aka tantance masu zama. Taro ya buɗe a Paris ranar 18 ga Janairu 1919, ba Jamus, ba Rasha. Da magana ta yi yawa sai aka mayar da ita hannun mutum goma, daga baya huɗu: Wilson na Amurka, Lloyd George na Birtaniya, Clemenceau na Faransa da Orlando na Italiya.

A nan aka yi cinikin gaske. Clemenceau, wanda ya ga Jamus ta mamaye ƙasarsa har sau biyu, ya so a raba Jamus da yankin Kogin Rhine. Aka hana shi, aka lallashe shi da girke sojojin ƙawance a can na shekara 15. Wilson kuwa hankalinsa na kan kafa majalisar ƙasashen duniya. Orlando ya nemi garin Fiume bai samu ba, ya yi fushi ya koma gida, da ya ga ba a biyo shi ba ya dawo.

Ana haka kwamitocin ƙwararru na zana iyakoki. Rabon ya iso har Afirka: Birtaniya da Faransa suka kasa Kamaru da Togo da ke hannun Jamus, kuma arewacin kason Birtaniya na Kamaru ne ya shigo Najeriya a 1961.

Sai ranar 7 ga Mayu aka miƙa wa Jamusawa daftarin, aka ce duk ƙorafi a kawo shi a rubuce. Gyaran da suka samu kaɗan ne. Aka ba su wa'adi: ko hannu ko yaƙi. Gwamnatinsu ta yi murabus, wadda ta gaje ta ta sa hannu a Versailles ranar 28 ga Yuni. An taƙaita sojojinsu zuwa 100,000, aka ɗora musu diyyar da ba a yanke adadinta ba sai 1921.

Saura amincewar majalisu, kuma a nan Wilson ya sha kaye. Majalisar Dattawan Amurka ta ƙi yarjejeniyar, Amurka ta ƙulla tata daban da Jamus a 1921.