Bashin Mai Shago da Tsadar Rayuwa

Wata mai sauraronmu daga Kurna a Kano ta ce sunan maigidanta ya cika littafin bashin mai shago, tana tambayar me ya jawo haka, kuma ina mafita.

To Hajiya, Allah Ya yaye mana. Tsadar rayuwa ta tsananta ne daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sannan darajar naira ta faɗi. Kuɗin mota ya tashi, mudun masara a kasuwar Dawanau ya bi sahu. Mafi ƙarancin albashi kuwa sai a Yulin 2024 ya koma naira 70,000.

Mafita kuwa, ku zauna da maigida ku rubuta kowane bashi. Ku fara rabuwa da bashi mai ruwa, musamman na manhajojin waya, masu tozarta mutum wurin 'yan'uwansa idan ya makara. Mai shago kuwa, kada a riƙa sauya hanya don guje masa. A kai masa ko dubu biyu ce duk Juma'a. Idan kwasar adashinki ta zo da kaka, ki sayi hatsi ki ajiye.