Yadda Ake Kama Gidan Haya a Karkarar Arewacin Kano

Wanda ya fita daga Kano ta hanyar Katsina, ya wuce Dawanau ya nufi Bichi, ko ya ɗauki hanyar Daura ya nufi Dambatta, zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona na jikin gona, gari na hango gari, itatuwan ɗorawa da kuka da tsamiya na tsaye a tsakiyar gero da dawa, kowace bishiya da mai ita. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki, ya nuna yadda jama'a masu ɗimbin yawa ke noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba hutu, suna raya ta da taki.

A irin wannan ƙasa, da can ba a san haya ba. Baƙo kan sauka ne wurin mai unguwa ko wani mai hali, a ba shi shago ko ɗaki a ƙofar gida, a riƙa miƙo masa tuwo har ya zama ɗan gari. Yanzu abin ya sauya. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta sun tara ɗalibai da malamai. Kasuwar hatsi ta Dawanau ta jawo 'yan kasuwa, direbobi da 'yan dako. Ga malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da masu yi wa ƙasa hidima. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma, ma'aikacin da ke zuwa daga birni kullum ya fara lissafi, ya ga kuɗin mota sun fi kuɗin ɗaki. Wasu kuma tsadar haya da hayaniyar birni suka koro, suna neman inda za su yi barci ba ƙarar janareta.

Sai dai haya a nan ba irin ta birni ba ce. Ginin kaɗan ne daga abin da mutum zai karɓa; maƙwabta, rijiya da masallaci duk suna cikin cinikin.

Zaɓen gari da unguwa

Mai neman gida yakan fara da hanya. Garuruwan bakin kwalta, irin su Bichi, Dambatta da Gezawa, ba a rasa mota a cikinsu, amma hayarsu ta fi tsada. Ƙauyen da ke cikin lungu yana da arha da natsuwa, sai dai wanda ya gan shi da rani bai gan shi ba. Burjin da babur ke gudu a kai a watan Maris yana iya zama taɓo a watan Agusta, rafin da ake takawa a bushe ya hana yara zuwa makaranta.

Ranar kasuwa ma abin tambaya ce. Layin da yake shiru ranar Talata a Dambatta, ranar Lahadi yana iya cika da motocin shanu tun daga asuba. Mai son kwanciyar hankali yakan nisanci tasha, injin niƙa da gidan kallon ƙwallo, ya kusanci masallaci da makarantar yara. Hanya mafi sauƙi ta gane halin unguwa ita ce a je ta sau biyu: da hantsi, lokacin da maza suka tafi gona, da kuma bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya dawo.

Nema ta hannun mutane

Da wuya a ga allo a jikin bango an rubuta gidan haya. Labarin gida a bakin mutane yake. Malamin da aka turo sabuwar makaranta yakan gaya wa hedimasta, ma'aikacin lafiya ya gaya wa shugaban asibiti, ɗan kasuwa ya gaya wa maigidansa na kasuwa. Daga nan magana ta kai wurin liman, mai shayi ko magini, wanda ya san gidan da aka gama yaɓe da wanda masu shi suka koma birni. Sau da yawa masu irin waɗannan gidaje sun fi son mutumin kirki da zai riƙe musu gini a kan kuɗi mai yawa, domin gidan ƙasa in ba kowa a ciki, damina biyu ta ishe shi.

A manyan garuruwa akwai dillalai. A birni an saba ba su kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara, a karkara kuwa la'ada yarjejeniya ce, don haka tun kafin a taka ƙafa ake yanke ta, a kuma san wanda zai biya. Dillalin da ya nemi kafin alƙalami bai nuna gida ba, ko ya ce mai gida ya yi tafiya a ba shi kuɗin ya ajiye, a yi masa godiya a nemi wani.

Duba gida

Nan ne ake daɗewa, kuma ya fi kyau a tafi da wanda ya san gini. Lokacin da ya fi dacewa shi ne damina, ko da ta ɗauke ba da jimawa ba, sa'ad da shatin ruwa ke nan a bango bai ɓace ba.

Ana farawa da bangon gabas, domin daga gabas hadari ke tasowa a ƙasar Kano, can ruwa ke duka. In bangon ya zaizaye ko gindinsa ya jiƙe, akwai aiki a gaba. In soro ne, a ɗaga kai a dubi azara: ta lanƙwasa ko gara ta ci ta? A fita a dubi indararo, a ga inda yake zubar da ruwa. In rufin kwano ne, baƙin tabo a sili shaidar yoyo ce, a kuma tabbata an ɗaure rufin da kyau saboda iskar farkon damina. Ginin bulo da kwano ya fi sauƙin kulawa, amma a watan Afrilu da Mayu ɗakin yakan zama tanda, alhali soro na riƙe sanyi da bazara, ya riƙe ɗumi da hunturu.

Sai tsakar gida. Ina kwata ta nufa? In ta bi ta ƙofar maƙwabci, rigima na jiran sabon mai haya. Akwai kududdufi a kusa? Ramukan da aka haƙi ƙasar gini sukan cika da damina, su tara sauro, kuma hatsari ne ga ƙananan yara. A leƙa masai a ga ko ya kusa cika, a auna tazararsa da rijiya; in suna maƙwabtaka, ba a shan ruwan.

Tambayar ruwa kuwa, mata da 'yan ga-ruwa ake yi wa, ba mai gida ba. Su suka san rijiyar da ke ƙafewa da bazara, da burtsatsen da ya lalace, da kuɗin jarka. Haka wuta: ganin waya a sama ba ya nufin akwai lantarki. A tambayi maƙwabta yaushe rabonsu da ita, a nemi takardar KEDCO ta ƙarshe don kada a gaji bashin wani. A ƙarshe mutum ya ciro wayarsa a cikin ɗakin da zai kwana ya ga ko akwai sabis.

Magidanci yana ƙara duba sutura: zaure da zai tare baƙi, katanga mai tsayi, da ƙofar da ba ta kallon tsakar gida kai tsaye. In gidan haɗaka ne, a san iyali nawa ne a ciki, da yadda ake rabon madafa da banɗaki.

Wane ne mai gidan?

Yawancin gidajen karkara ba su da takardar mallaka ta gwamnatin jiha. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bai wa ƙananan hukumomi ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen da ba na birni ba, amma abin da aka fi samu a hannun mutane shi ne takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci, ko kuma shaidar dattawa kawai. Wannan ba aibi ba ne, muddin gari ya san mai shi.

Inda ake faɗawa rami shi ne gidan gado da ba a raba ba. Ɗaya daga cikin magada ya karɓi kuɗin shekara, bayan wata uku 'yan'uwansa su zo su ce ba da yawunsu ba, ko kotu ta sa a sayar. Saboda haka in an ji gidan gado ne, a nemi wanda magada suka wakilta, a ji daga bakin sauran, mata da maza.

Gaisuwar mai unguwa

Ba a tarewa a ɓoye. Wanda ya kawo baƙo shi ke raka shi wurin mai unguwa, a cire takalmi, a durƙusa, a ce, "Ranka ya daɗe, ga baƙo mun kawo maka." Za a tambaye shi garinsu, sana'arsa, iyalinsa, da wanda ya tsaya masa. Matsalar tsaro da ta addabi Arewa maso Yamma ta sa wannan bincike ya ƙara tsauri, har wasu kan nemi ganin katin shaida ko takardar wurin aiki. Bai kamata baƙo ya ji haushi ba. Binciken da aka yi masa shi ne za a yi wa wanda zai zo ya zauna kusa da iyalinsa gobe.

Wanda ba shi da aure yakan sha wuya kafin a ba shi ɗaki a cikin gidan matan aure, galibi shagon waje ake nuna masa. Mace ma'aikaciya da aka turo ita kaɗai kuwa, an fi sama mata ɗaki a gidan wani dattijo ko wata dattijuwa, inda za a ɗauke ta 'yar gida.

Ziyarar mai unguwa tana da riba ga mai haya. A nan zai ji ko gidan na da rikici, kuma ranar da saɓani ya taso, mai unguwa ya riga ya san fuskarsa.

Ciniki da rubutu

Gida sukutum shekara-shekara ake biyansa, ɗaki ɗaya kuma akan yarda da wata-wata ko wata shida. Ana tayi ana ragi cikin ladabi, kuma mai gida yakan sassauta wa wanda ya ga alamar zai daɗe.

Bayan an daidaita sai rubutu, ko da boko ko da ajami, a gaban shaidu biyu. Mutane da yawa na jin nauyin cewa dattijo ya sa hannu, sai su ce ai Baba ba zai ci amana ba. Gaskiya ne, amma Baba na iya rasuwa. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Kano ke bi, sharaɗin haya shi ne a san kuɗi a san wa'adi, kuma mutuwar mai gida ko ta mai haya ba ta warware ta. Takarda ce za ta nuna wa magada haka.

Abin da ake rubutawa: sunaye, kuɗi, ranar shiga da ranar ƙarewa, da ɗakunan da hayar ta ƙunsa, domin mai gida na iya kulle ɗaki guda ya zuba hatsi. Sai gyara: wa zai yi yaɓe kafin damina, wa zai yashe masai, kuma in mai haya ya yi da kuɗinsa, za a cire masa? Wanda zai sa sola ko tankin ruwa ya rubuta cewa nasa ne, zai tafi da abinsa.

Akwai kuma abubuwan da ɗan birni ba zai kawo a ransa ba. Takin turke da toka da sharar gida dukiya ce a wannan ƙasa, da rani ake kwasarsu a mangala ko a kura a kai gona, kuma mai gida na iya ɗauka nasa ne. Haka 'ya'yan mangwaro ko zogalen da ke tsakar gida, da ɗan filin bayan gida da ake shuka kuɓewa. A faɗa tun farko. In an biya, a karɓi rasit. In ta waya aka tura, a adana shaidar.

Tarewa da zama

Kafin a kawo kaya akan share gida, a yi feshin magani, a toshe ramukan ɓera, a sauya kwaɗo. Da yawa sukan yi 'yar sadaka, a raba wa maƙwabta waina ko ƙosai, malamai su yi addu'a. Uwargida ta shiga gidaje gaisuwa, maigida ya riƙe sahun masallaci.

Daga nan sai kiyaye dokar gari. Da shuka ta fito ana ɗaure awaki da tumaki har a kawar da amfani, kuma akuyar baƙo in ta shiga gonar wani ba a yi mata uzuri. Ba a yanke hanya ta cikin shuka, ba a sassabe reshen bishiyar da ba a san mai ita ba. In an yi rasuwa a je gaisuwa, in suna ne a je, in an kira gayyar gyaran hanya ko karo-karon gyaran burtsatse a sa hannu. Wanda ya yi haka, kafin kaka ta zagayo zai ga ana aiko masa da damin gero.

In lokacin tashi ya yi

A tsarin dokokin haya na Najeriya, in ba a rubuta wani wa'adi daban ba, mai biyan shekara ana ba shi sanarwar wata 6, mai biyan wata kuma wata 1. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko watsar da kaya. Kotu ce ke fitar da mutum. A aikace, yawancin saɓani a zauren mai unguwa ko na dagaci yake ƙarewa. Shi ma mai haya ya sanar da wuri, ya gyara abin da ya ɓata, ya biya kuɗin wuta, ya miƙa makulli a gaban shaidu, sannan ya bi maƙwabta sallama da neman gafara.

Kira ga masu unguwanni da dagatai na wannan yanki shi ne su tanadi littafi guda na masu haya da takardar yarjejeniya mai sauƙi da Hausa, wadda kowa zai iya cikewa. Mai neman gida kuma kada ya miƙa ko sisi sai ya ga mai gida ido da ido, ya gaida mai unguwa, an kuma rubuta abin da aka yi a gaban shaidu.