Darasin kiwo: takalmin doki, wane doki ke bukatarsa, kuma yaya ake aunawa?

Darasin wanga karo na masu dawaki ne, amma mai jaki ma kada ya wuce, akwai rabonsa.

Dawakin ƙasarmu ba su saba da takalmi ba. Daga Damagaram har Ƙonni, duƙushi yana tashi da kofatonsa yadda Allah ya halitta shi, ya girma, ya tsufa, ba a taɓa buga masa ƙusa ba. Yanzu kuwa samari suna ganin dawakin Turai cikin salula sanye da takalman roba, suna tambaya: namu fa? Amsa ita ce, yawancinsu ba su bukata. Waɗansu kaɗan suna bukata ƙwarai. Aikinmu shi ne mu gane wane ne wane, don kada mutum ya zubar da kuɗinsa, kada kuma ya bar dabbarsa ta gurgunce.

Kofato yana tsiro, ƙasa tana ci

Kofato kamar akaifar mutum yake. Yana tsirowa daga sama, daidai inda gashin ƙafa ya ƙare, yana gangarowa ƙasa. Cikin wata guda yana ƙaruwa da milimita 6 zuwa 10. Ke nan kafin kofato ya sake sabo fil daga sama har ƙasa, sai an yi kusan shekara. Ku riƙe wanga lissafi. Abin da ya lalace cikin kwana 3 na muguwar hanya, gyaransa sai watanni.

Ku ɗauke shi kamar rumbu: tsiro shi ne abin da ake zubawa, tafiya ita ce abin da ake ɗiba. A jigawa, inda rairayi ke da taushi, ɗiba kaɗan ce. Dokin da ke wuni a turke yana cin harawa, ba ya fita sai ranar kasuwa ko hawan salla, kofatonsa ba cinyewa yake ba, tsawo yake yi har ya baje, ya tsage a baki. Wanga doki ba takalmi yake nema ba. Wuƙa da magagari yake nema, a rage masa kowane sati 6 zuwa 8.

Amma ƙasar ba duka rairayi ba ce. Wanda ya san Adar, wajen Keita da Buza, ya san tsakuwa da duwatsu masu kaifi. Akwai hanyoyin burji. Akwai kwalta, irin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso, Ƙonni, Maraɗi, ta wuce Damagaram. Dokin da ke bin waɗanga wurare kullum, ko da mahayi ko da amalanke, ana ɗiba a rumbunsa fiye da abin da ake zubawa. Mafi wahala shi ne dokin da anka saya daga ƙasar rairayi anka kai shi ƙasar dutse, don tafin ƙafarsa bai yi tauri ba tukuna.

Yaya za ku gane? Ku ja dokin bisa tsakuwa, ku duba. In yana gajarta taku kamar mai taka garwashi, yana neman gefen hanya inda ƙasa ke da laushi, amma da ya koma rairayi sai ya saki jiki, to tafin ƙafa ne ya yi sirara. Ku ɗaga ƙafar: za ku ga bangon kofato ya cinye har ya yi daidai da tafi. A farin kofato har jan tabo ake gani, kamar jini ya kwanta. Ga mai bukatar takalmi.

In kuwa ƙafa guda ce yake ɗingisawa, har cikin rairayi ma, kuma kofaton da zafi in kun dafa, wannan wata magana ce. Ƙayar aduwa ce, ko ƙusa, ko mugunya ta taru a ciki. Kada ku rufe ciwo da takalmi. Ku nemi likitan dabbobi, ku kuma tambaye shi allurar tetanos, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya ƙulle muƙamuƙi. Doki na cikin dabbobin da ya fi kashewa, kuma ta irin wanga rauni yake shiga.

Takalmi iri biyu ne

Akwai na ƙarfe, wanda ake bugawa da ƙusa. Yana zama dare da rana, kuma kowane sati 6 zuwa 8 sai an cire an rage kofato an maida. Aikin gwani ne, kuma masu iya shi ba su da yawa a karkararmu. Ƙusa in ta kauce kaɗan, ta shiga nama.

Akwai kuma wanda ake sawa a cire kamar na mutum, shi ne zancenmu na yau. Dabarar tsohuwa ce. Rumawan da suna ɗaura wa dabbobinsu wani faranti na ƙarfe da igiyar fata. Mutanen Japan sun daɗe suna saƙa wa dawaki takalmin haki. Na zamani kuwa, wani masanin kimiyya na Amurka, Neel Glass, shi ya fito da shi a 1970 saboda dokin gidansa mai ciwon ƙafa, ya sa masa suna Easyboot. Yau akwai kamfanoni da dama: Cavallo a Kanada, Renegade a Amurka, Scoot Boot a Ostareliya, Equine Fusion a Norwe. Ƙasansa roba ce mai tauri, samansa madauri ne. Kuɗinsa ba wasa ba: na manyan kamfanoni, ƙafa biyu sukan haura jikka 60. Abin da ya kai haka ba a sayensa da ka.

Sau da yawa ƙafafun gaba kaɗai ake sa wa, don su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki. Ku fara da su. Amma kada a sa wa ƙafa guda a bar ƴar'uwarta in za a yi aiki, tafiyar za ta karkace.

Awo

Nan ne karatunku zai yi muku rana. Ana bukatar metir na tela, da kaye, da bik. A jikin metir, tsakanin lamba da lamba santimita guda ne, kuma ƙananan zane 10 da ke ciki su ne milimita. Da milimita ake awon kofato, ba da yatsa ba, ba da kara ba.

Da farko a gyara kofato, a rage shi, a daidaita bakinsa. A ranar ake aunawa. In kun auna kofaton da ya yi wata 3 ba a taɓa ba, za ku sayo babban takalmi, ranar da anka rage kuwa ya zama kwando. Ku wanke tafin, ku ƙwaƙule laka da kashi.

Awo biyu ne. Faɗi: ku ɗora metir a gicciye, inda tafin ya fi faɗi, daga bakin bango zuwa bakin bango. Tsawo: daga tsinin gaba zuwa dunduniya. To, a nan mutane ke ɓata. A bayan kofato akwai tsoka biyu masu taushi kamar ƙwallo. Ba a sa su cikin awo. Ana tsayawa ne inda ƙahon dunduniya mai tauri ya ƙare, wato wuri na ƙarshe da ke taka ƙasa. Ku gitta tsinke bisa dunduniyoyin biyu, ku auna daga gaba zuwa tsinken.

Kowace ƙafa da nata awo, kowace da layinta cikin kaye: gaba dama, gaba hagu, baya dama, baya hagu. Kada ku ce ai duka ɗaya ne. Kofaton gaba ya fi zagaye, na baya ya fi tsini, kuma ko na gaba biyun sukan bambanta da milimita kaɗan.

Misali, a ce kun sami faɗi 115, tsawo 120. Kowane kamfani yana da takardar awonsa, ku nemi layin da lambobinku biyu sunka shiga. Kada ku dogara da lambar takalmin, don lamba 2 ta wanga kamfani ba ita ce lamba 2 ta wancan ba. In faɗi ya faɗa layi guda, tsawo ya faɗa na gaba, yawanci babban ake ɗauka. In tazarar ta yi yawa, wannan samfuri ba na dokinku ba ne, a nemi mai wata siffa. In wani ɗan'uwa ne zai sayo muku daga waje, ku aika masa lambobin a rubuce, da hoton tafin ƙafar da metir a kai.

Ni a ganina, a ƙasarmu gara irin mai ƴar sarari da madauri mai sauƙi. Akwai irin da ke manne wa kofato kamar fata, yana da kyau wajen sukuwa, amma sai ana rage kofato a kai a kai, in ya ƙaru kaɗan ba ya shiga. Mu kuwa mun san halinmu da damina: ana noma, wa ke tuna magagari?

Gwaji

Takalmi ya zo, an sa. Ya kamata ya shiga da ɗan ƙarfi. In ya faɗa da kansa, ya yi yawa. Ku kama shi da hannu biyu ku murɗa: in ya juya bisa kofato, zai juya a hanya, ya cire ko ya kada doki da mahayinsa. Madaurin wuyan ƙafa kuwa, yatsa guda ya iya shiga ƙarƙashinsa. Ranar farko minti 15 ko 20 ya isa, da tafiya da sassarfa. A cire, a duba dunduniya da inda gashi ya ƙare. In gashi ya goge ko fata ta yi ja, a dakata. In lafiya, a riƙa ƙara lokaci kwana bayan kwana. Kada ranar hawan salla ta zama ranar gwaji.

Babban abokin gaba a wajenmu rairayi ne. Yana shiga ta sama, ya haɗu da zufa, ya riƙa gurzar dunduniya kamar dutsen wanka. Gyambon ƙafa kuma ƙuda ba ya barinsa ya warke. Saboda haka in hanya ta bar dutse ta shiga rairayi mai zurfi na nisa, a sauka a cire, a rataya a sirdi. Da an dawo gida a cire, a kakkaɓe, a wanke, a shanya a inuwa, don rana tana busar da roba ta tsage. Dokin da ya kwana da takalmi a jiƙe, tsokar nan mai siffar bakin mashi da ke tsakiyar tafi takan ruɓe, ta yi baƙin ruwa mai wari.

Takalmin jinya

Akwai lokacin da ko dokin jigawa yana bukatarsa. In likita ya fasa mugunya ya sa magani ya naɗe, takalmi yana hana ƙasa da kashi shiga. Haka kuma in doki ya kwance ya sami buhun hatsi ko dussa ya ci ya yi nak. Bayan kwana 1 ko 2 kofatai sukan yi zafi, ya tsaya ya miƙa ƙafafun gaba, ya maida nauyi baya, ya ƙi motsi. Ciwo ne mai tsanani cikin kofato, yana iya gama doki. Da kun ga ya ci, kada ku jira alama: a hana shi hatsi, a tsayar da ƙafafun cikin ruwa mai sanyi, a ajiye shi bisa rairayi mai taushi, a kira likita. Daga baya, takalmi da shimfiɗar soso a ciki yana rage masa azaba. Wanga ana iya barinsa ya daɗe, amma kullum sai an cire an share an busar.

Don irin wanga jinya ba sai na kamfani ba. Baduku yana iya yi. A tsayar da doki bisa kwali, a zagaye kofato da bik, a yanke, a kai masa tare da lambobin awo. Ƙasa a sa taya, wadda ba ta da waya a ciki. Sama a sa fata mai laushi, ɗinki ya kasance ta waje, ba ƙusa ko guda. A riƙa shafa wa fatar mai, don in ta jiƙe ta bushe takan yi tauri ta yanki ƙafa. Na baduku ya isa zaman gida da tafiya a hankali. Ban ba ku shawarar sukuwa da shi ba.

Mai jaki, ga naka. Kofaton jaki ƙarami ne, matsattse, ya fi na doki tsayuwa, saboda haka takalmin doki ba ya zama masa ko da lambar ta yi kusa. Jakin amalanke da ke jan ruwa ko itace bisa kwalta kullum, a duba tafinsa kowane maraice, a cire tsakuwa, a bar masa gefen hanya inda akwai ƙasa. In ya fara gajarta taku, a ba shi hutu na kwanaki, a kai kwalin awonsa wajen baduku.