Darasi: Inuwar Birni Haƙƙin Talaka Ce

Darasinmu na wannan wata ya shafi ƙungiyar Green Belt Movement ta ƙasar Kenya, wadda marigayiya Wangari Maathai ta kafa a 1977. Matan ƙungiyar sun soma aikinsu ne da dasa itatuwa 7 a birnin Nairobi.

A 1989 gwamnati ta ƙudura gina bene mai hawa 60 a filin shaƙatawa na Uhuru, inda talakawan Nairobi suke shan iska. Maathai ta yi ta rubuta wasiƙun ƙin amincewa. Aka ci mutuncinta a majalisa, aka kori ƙungiyar daga ofishinta, amma ba ta ja da baya ba. Daga bisani masu zuba jari suka janye, aka fasa ginin.

Me muka koya? Mai hali yana da lambu a gidansa. Mai haya a ɗaki ɗaya kuwa ba shi da inuwa sai ta filin jama'a. Idan aka sayar da filin, shi aka zalunta.

Mu tattauna: wane fili ne ya rage wa yaran unguwarmu? Wa yake tsaronsa?