DARASI DAGA AYALAND TA AREWA: TSARO BA YA TSAYAWA SAI A KAN ADALCI

Kafin mu shiga darasin wannan wata, bari kowa ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta Luka 3:10-14 da Romawa 13:1-7.

Da yawa daga cikin dattawanmu sun karɓi baftisma ne daga hannun firistoci 'yan mishan da suka zo daga Ayaland, wasu iyayenmu mata kuma sistocin ƙasar ne suka koya musu karatu. Ƙungiyar SMA, wadda ta yi aikin bishara a yankunan Kaduna da Jos, ta horar da firistocinta a Dromantine, kusa da garin Newry a Ayaland ta Arewa, daga 1926 zuwa 1972. Waliyyi Patrick na Ayaland shi ne kuma waliyyin da aka danƙa Nijeriya ga addu'arsa. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa a shekarun da waɗannan bayin Allah suke yi mana wa'azin salama, wuta tana ci a gidansu. Hausawa sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Saboda haka za mu duba abin da ya same su, da yadda suka yi gardama a kan ta'addanci da aikin 'yan sanda, domin mu ga abin da bangaskiyarmu take bukata daga gare mu.

Yadda bangon ya tsage

A 1921 aka raba tsibirin Ayaland gida biyu. Gundumomi shida na arewa maso gabas suka ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya. Mafi yawan mazaunansu a lokacin Furotesta ne masu son zama da Birtaniya, sauran kuwa Katolika ne, galibinsu masu son a haɗe da kudu. Kada mu ɗauka cewa faɗan a kan koyarwar addini ne. Dukansu suna kiran sunan Yesu. Abin da ya raba su shi ne mulki, da ƙasa, da rabon gidaje da ayyuka, da yadda aka shata mazaɓu; addini ya zama alamar da ake gane ɓangaren mutum da ita.

Rundunar 'yan sandan yankin, wato RUC, an kafa ta a 1922. Tun farko Katolika ba su shige ta da yawa ba, har ya kai a ƙarshen shekarun 1990 ba su wuce kashi 8 cikin ɗari na rundunar ba, alhali sun haura kashi 40 cikin ɗari na jama'a. Ga Furotesta, ɗan sanda ɗan'uwa ne mai tsare gida. Ga Katolika da yawa, baƙo ne mai ɗauke da makamin wancan ɓangaren. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A 1969 rikici ya ɓarke, aka kawo sojojin Birtaniya kan tituna, daga nan har zuwa 1998 an kashe mutum fiye da 3,500. Kusan rabinsu ƙungiyar IRA ce ta kashe su, wadda ta fito daga unguwannin Katolika. Ƙungiyoyin 'yan bindiga na Furotesta, irin su UVF da UDA, sun kashe ɗaruruwa, yawancinsu Katolika farar hula. Jami'an gwamnati ma sun kashe nasu rabon.

Baki biyu, kowanne da hawayensa

Shekara talatin ana gardama iri ɗaya a majalisa da jaridu da gidajen makoki. Ɓangare ɗaya yana cewa: waɗannan masu kisa ne, a ba jami'an tsaro cikakken iko su murƙushe su, duk mai sukar 'yan sanda a irin wannan lokaci yana taimakon 'yan ta'adda ne. Suna da hujja, gama kimanin 'yan sanda 300 aka kashe, wasu a ƙofar gidajensu a gaban 'ya'yansu. Ɗaya ɓangaren yana cewa: ana fasa mana ƙofofi da dare, ana tsare samarinmu a hanya saboda sunansu da unguwarsu, wa zai tsare mu daga masu tsaron? Su ma suna da hujja. Abin baƙin ciki shi ne kowane ɓangare yana ƙidaya gawawwakinsa ne kaɗai.

Gwamnati ta fara gwada hanyar ƙarfi. Ranar 9 ga Agusta 1971 ta soma tsare mutane ba tare da shari'a ba, aka kama mutum 342 a rana ɗaya, da yawansu ba su da hannu a komai. Kafin a daina wannan a ƙarshen 1975 an tsare mutum 1,981, daga cikinsu 107 ne kawai daga ɓangaren Furotesta. Ranar Lahadi 30 ga Janairu 1972, a birnin Derry, sojoji suka buɗe wuta a kan masu zanga-zangar ƙin wannan tsarewa, mutum 13 suka mutu nan take, wani kuma daga baya. Duniya ta ga hoton Fada Edward Daly yana kaɗa farin hankici mai jini, yana neman hanya domin a fitar da wani saurayi da aka harba. Binciken farko ya kusa wanke sojojin sarai. Sai a 2010, bayan shekara 38, wani sabon bincike ya tabbatar cewa ba a da dalilin harbin, Firayim Minista David Cameron kuma ya nemi gafara a gaban majalisa.

Me wannan ƙarfi ya haifar? Samari suka yi ta tururuwa zuwa IRA, shekarar 1972 kuma ta zama mafi muni a dukan rikicin, da mutuwar kusan mutum 500. A watan Yuli na wannan shekara IRA ta tayar da bama-bamai kusan ashirin a Belfast cikin yini ɗaya, mutum tara suka mutu. Zaluncin hukuma ya ciyar da ta'addanci, ta'addanci kuma ya ba hukuma dalilin ƙara tsanantawa.

Muryar Ikilisiya

A nan ne Ikilisiya ta sami kanta cikin tsaka mai wuya, gama masu ɗana bam ɗin 'ya'yanta ne da ta yi wa baftisma, waɗanda ake zalunta ma 'ya'yanta ne. Ranar 29 ga Satumba 1979 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya tsaya kusa da garin Drogheda, ya ce yana roƙon masu tashin hankali a kan gwiwoyinsa su bar hanyar kisa, ya kuma gaya musu cewa kisan kai sunansa kisan kai, kada a ba shi wani suna. A cikin jawabi guda ya gargaɗi masu mulki cewa idan suka kasa kawo gyara bisa adalci, sun bar wa masu bindiga fili ke nan. IRA ta ƙi roƙonsa. Amma maganar ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Wannan ita ce koyarwar da muka karanta. Sa'ad da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, bai ce su tuɓe kaki ba. Ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Manzo Bulus ya koya wa Romawa cewa mai mulki bawan Allah ne domin amfanin jama'a, kuma an ba shi ikon hukunta mai mugunta. Amma Bulus ɗin nan, da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye, sai da mahukuntan suka zo da kansu suka ba shi haƙuri, kamar yadda Ayyukan Manzanni 16 ya nuna mana. Katekizim na Ikilisiyar Katolika ma, a sakin layi ɗaya, mai lamba 2297, ya la'anci ta'addanci ya kuma la'anci azabtar da wanda ake tuhuma. Ba a ba mu izinin ɗaukar rabin koyarwar mu bar rabi ba.

Akwai waɗanda suka rayu da wannan koyarwa. A Nuwamba 1987 bam ɗin IRA ya kashe mutum 11 a Enniskillen. Gordon Wilson, ɗan ɗarikar Metodis, yana riƙe da hannun 'yarsa a ƙarƙashin ɓaraguzai kafin ta cika, amma ya fito ya ce ba ya riƙe kowa a zuciya, zai kuma yi wa masu kisan addu'a. A Maris 1988 aka ga Fada Alec Reid ya durƙusa yana yi wa sojojin Birtaniya biyu da IRA ta harbe addu'ar ƙarshe. Wannan firist ɗin shi ne yake kai saƙo a asirce tsakanin John Hume, ɗan siyasar da ya ƙi makami, da Gerry Adams, shugaban jam'iyyar Sinn Féin mai goyon bayan IRA. An zagi Hume ƙwarai saboda wannan ganawa, amma ita ce ta buɗe ƙofa.

Gyaran da ya yi wa kowa ciwo

An sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar Juma'a Mai Tsarki, 10 ga Afrilu 1998, kashi 71 cikin ɗari na masu jefa ƙuri'a a Ayaland ta Arewa suka amince da ita. Wata huɗu bayan haka wasu da suka ɓalle daga IRA suka kashe mutum 29 a Omagh, Katolika da Furotesta tare, amma jama'a ba su juya baya ba.

Batun 'yan sanda ya fi kowanne zafi, shi ya sa aka miƙa shi ga wani kwamiti ƙarƙashin Chris Patten, wanda ya kawo shawarwari 175 a 1999. A Nuwamba 2001 aka sake wa rundunar suna zuwa PSNI, aka sake tambarinta. Aka kafa ofishi mai zaman kansa da ke binciken ƙorafin jama'a a kan 'yan sanda, da hukumar sa ido wadda 'yan siyasa da sauran jama'a suke zama a cikinta. Aka kuma kafa doka cewa rabin sababbin 'yan sanda su zama Katolika, har zuwa 2011, lokacin da adadinsu ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari.

Babu wanda ya sami wannan a arha. Matan 'yan sandan da aka kashe sun ji kamar an share sunan da mazajensu suka mutu dominsa, sun kuma ga an saki fursunoni fiye da 400, har da masu jini a hannu. Katolika kuwa sai da suka haɗiye tsohon fushi suka ba da 'ya'yansu ga aikin da suka tashi suna tsoro. Bishop-bishop na Katolika sun goyi bayan sabon tsarin a 2001, Sinn Féin ba ta yarda ba sai a 2007. A Afrilu 2011 aka kashe Ronan Kerr, ɗan sanda Bakatolike mai shekara 25, da bam a motarsa. A jana'izarsa 'yan sanda da abokan wasansa na unguwa suka ɗauki akwatin gawarsa, shugabannin Furotesta kuma suka shigo coci suka zauna a Misa. Masu kisan sun so su tsoratar da Katolika daga aikin, sai suka haɗa kan waɗanda suke so su raba. Duk da haka aikin bai ƙare ba: har yanzu akwai katangu tsakanin wasu unguwannin Belfast, iyalai da yawa kuma suna jiran gaskiya a kan 'yan'uwansu.

Abin da za mu ɗauka

Mu ma mun san garuruwan da unguwanni suka rabu bisa addini, mun san makoki, mun kuma san gardamar da takan tashi duk lokacin da aka kai hari. Ƙasarsu ba tamu ba ce, amma zuciyar ɗan Adam ɗaya ce. Na farko, kada mu nemi wa mai kisa uzuri domin namu ne. Idan ɗan unguwarmu ya zub da jinin marar laifi, mu kira abin da sunansa. Na biyu, kada mu yi murna sa'ad da aka kama ko aka azabtar da mutum ba bisa doka ba domin daga wancan ɓangaren yake, gama sandar da ta doke shi yau tana iya juyowa gobe. Na uku, ɗan sanda ba ya kama mai laifi sai jama'a sun ba shi labari, jama'a kuma ba sa buɗe baki ga wanda ba su amince da shi ba. Saboda haka adalci ba ya raunana tsaro, shi ne ƙafar da tsaro yake tsayawa a kai. Ga 'yan'uwanmu masu kaki da ke zaune tare da mu a coci, da samarinmu 'yan sintiri, amsar Yohanna Mai Baftisma tana nan daram.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiyoyi da zumuntoci

1. Sa'ad da muke addu'a domin waɗanda aka kashe, muna tunawa da na wancan ɓangaren kuwa?
2. Idan mun san ɗanmu yana shirin ramuwa, me bangaskiya ta wajabta mana?
3. Wace hanya Ikilisiyarmu za ta bi ta zauna da jami'an tsaro da maƙwabtanmu kafin fitina ta tashi?

Mu yi addu'a

Ya Allah Uba, mai shari'ar gaskiya, ka ji ƙan dukan waɗanda aka kashe, ka ta'azantar da iyalansu. Ka ba jami'an tsaro ƙarfin hali da tsoronka, ka juyo da zukatan masu makami, ka kuma ba mu alherin yin kuka domin maƙwabcinmu kamar yadda muke yi domin namu. Muna roƙo ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.